Yaron da Yake Manta Numfashi

A damunar 1977, cikin Baraka na wata bakwai, naƙuda ta zo mata a gidan iyayenta a Roni. Ba a shirya komai ba, ko itacen wankan jego ba a tara ba. Da hantsi ta haifi ɗa namiji wanda tsawonsa bai fi takalmin babban mutum ba. Ungozoma ta dube shi ta ce, "Bakwaini ne." Ta naɗe shi a tsumma ta ajiye a gefe, irin ajiyar abin da ba a sa ran zai kai la'asar.

Mijin Baraka, Malam Falalu, malamin firamare ne a Gwiwa. Saƙo ya same shi a cikin aji, ya ajiye alli ya hau babur cikin ruwan sama. Da ya isa Roni ya tarar da maza a zaure suna ta cewa sai haƙuri, alhali yaron yana ciki yana motsi. Ya durƙusa gaban surukinsa, ya yi magana da ladabi har ladabin ya kusa ƙare masa, aka dai yarda a kai jaririn asibiti. Wata motar kaya da ta sauke taki za ta koma Kazaure ita ta ɗauke su: shi, da Baraka, da Gwaggo Abu, yayar mahaifin Baraka, wadda ta riƙe ta tun daga yaye. Gwaggo ce ta rungumi jaririn a cikin zanenta har suka isa.

Asibitin sabo ne, a bayan duwatsu, cikin gine-ginen da arzikin man fetur ya kawo. Fentinsa ko bushewa bai gama yi ba. A ƙarshen baranda akwai ɗakin jarirai, a ciki akwai akwatunan gilas huɗu masu ɗumi, kowanne da ƙananan ƙofofi biyu na sa hannu. Mutane kwalba suke ce musu. A cikin ta ƙarshe, kusa da taga, aka sa ɗan Baraka, aka zura masa siririn bututu ta hanci wanda za a riƙa ba shi nonon uwarsa ta ciki.

Mai kula da ɗakin da rana ita ce Sista Ya Kura, 'yar Babura, doguwa, mai magana a taƙaice. Ita kaɗai ce ga ɗakin jarirai da ɗakin haihuwa da ke can ɗaya ƙarshen barandar. Dokarta ɗaya ce: uwa kaɗai ke shiga, sai uba da ƙarfe huɗu, bayan ya wanke hannu. Ta tara su a bakin ƙofa ta yi musu bayani.

"Ɗumi kwalba za ta ba shi. Abinci ni zan ba shi. Amma irin waɗannan yaran suna da wata matsala. Suna manta numfashi."

"Manta numfashi?" in ji Gwaggo Abu. "Yau ga sabon salo. Numfashi sallar nafila ce da za a manta?"

"Iya, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba. Yana cikin numfashi sai ya tsaya. In an taɓa shi ya farga ya ci gaba. In ba a taɓa shi ba, wani lokaci ya farga da kansa, wani lokaci shi ke nan. Ido yake bukata a kan ƙirjinsa. Da dare mai kwana tana zama kusa da shi. Da rana ni ɗaya ce, ƙafata biyu. Idon uwarsa nake so."

Ta ajiye wa Baraka kujera 'yar tsugunno a jikin kwalbar. Baraka ta shiga kanta a sunkuye, ta zauna, ta juya wa kwalbar baya, fuskarta na kallon ƙofa.

Ɗan fari ne. A gidan su Baraka, gidan da kakanni suka riƙe sarauta kuma har yau ake tunƙaho da ita, mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne, in yana kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wata ta ɗauko shi ta ɗora mata. Ana yabon mai yin haka, ana yi wa wadda ta kasa gori har ta tsufa, a haɗa da wadda ta rene ta. A tsakar gida inda akwai kaka da inna da gwaggo, hannu goma na jiran yaro, wannan kunya ba ta cutar kowa. A ɗakin da aka ce uwa kaɗai za ta shiga, tana iya yin kisa. Babu wanda ya zauna ya yi wannan tunani, domin mun saba abin da muka gada ba a yi masa tambaya.

"Ke, juyo," in ji Sista.

Baraka ta ƙara sunkuyar da kai.

Gwaggo Abu, wadda ta riga ta shimfiɗa tabarmarta daidai bakin ƙofa inda take ganin komai, ta ce, "Ba a yi mu da haka ba, 'yar nan. Ɗan fari ne."

"Mu ma a gidanmu ana yi, Iya. Amma ba da yaro a kwalba ba."

"To ita kwalbar mene ne aikinta? Ba don shi Gwamnati ta sayo ta ba? Ki bar ta ta yi renonta."

Sista ba ta da lokacin musu, wata na naƙuda tana kiranta. Sai ta tsaya ta yi wa bayan Baraka magana. "Ko ba ki gani, ai kina ji. In ƙirjinsa ya tsaya, ki ƙirga goma sha biyar. In bai motsa ba, ki sa hannu ta ƙofar nan ki ɗalli tafin ƙafarsa. Ko ki girgiza kwalbar kaɗan, yakan isa." Ta fita da sauri.

Baraka ta ji. Shekarunta goma sha tara, ta gama aji bakwai, ta san ƙirga goma sha biyar, ta kuma san abin da "shi ke nan" yake nufi. Ta zauna tsakanin idon Gwaggo da ke gabanta da ƙirjin da ke bayanta. Can ta tuna da wani abu a ƙullin kayanta: gwangwanin hoda daga cikin kayan lefenta, ɗan kewayayye, mai madubi a cikin murfi. Ta ciro shi ta buɗe a kan cinyarta kamar mai duba ido. Ta karkata shi kaɗan, sai ga rufin ɗaki. Ta sake karkatawa, sai ga taga. Karo na uku, ta saman kafaɗarta, sai ga ƙirjin nan, ɗan ƙarami, fata kamar takarda, haƙarƙari a waje, yana hawa yana sauka.

Kafin magariba ta ga ya tsaya. Ta ƙirga a zuci. Da ta kai goma sha biyar ta mayar da gwiwar hannunta baya ta bugi jikin kwalbar, kamar mai gyara zama. Yaron ya zabura, ya miƙe yatsu, ƙirjin ya ci gaba.

"Ki riƙa lura da kayan mutane," in ji Gwaggo daga ƙofa. "In kin fasa, ubanki ba shi da irinta."

Haka aka yi kwana biyar. Gwaggo ta sami wani lungu a bayan ɗakin ta kafa murhu, tana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, tana dama kunun kanwa. Baraka ta lura da lokutan da Sista ke tsayawa a ɗakin tana ba jarirai nono, ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma, sai ta riƙa jan ƙafa har lokacin ya yi kafin ta fita wanka. Sauran yini tana kan kujera, gwangwani a buɗe a cinya. Matan da 'ya'yansu ke sauran kwalaben suka sa mata suna Amaryar Kwalba. Sista kuwa ta duba takardar mai kwana ta ga da dare yaron yakan tsaya sau biyu ko uku, da rana ko sau ɗaya ba a gani ba. Ta ce wa Falalu, "Ɗanka yana ƙoƙari da rana, ba don uwarsa ba." Daga nan ta rage leƙo ɗakin, ta ba ɗakin haihuwa ƙarfinta.

Falalu kullum yana tashi daga makaranta ya hau babur, ya iso ƙarfe huɗu da taɓo har gwiwa. Shi ba ya kunyar ɗan fari, yana ma so a ga ba ya yi. Yakan tsaya a kan kwalbar ya yi minti biyar yana kallo, sannan ya dubi ƙeyar matarsa da madubin da ke cinyarta, ya fita. A hanya yakan yi ta maimaita maganganun da zai faɗa mata. Shi da ya zaɓe ta don ta yi makaranta. Shi da yake saya mata jarida.

Ran kwana na shida, jajiberin suna, ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Batulu, daga Gwiwa a bayan babur don ta ga jikanta. Ya sauke ta wajen Gwaggo Abu, ya ce yana zuwa. Sista ta taɓa gaya masa cewa kwalaben sun zo da wasu ƙananan katifu masu ƙararrawa, waɗanda ke kaɗawa da kansu in numfashin yaro ya tsaya, amma suna sito ba a fito da su ba. Ya nufi siton. Mai riƙe da mabuɗi, wani dattijo Malam Mamuda, yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa.

"Suna nan," in ji Malam Mamuda, ya nuna akwatunan katako da haɓa. "Ga su can, ko ƙusa ba a cire ba."

"To a cire mana, Baba."

"A'a. Waɗannan sai ranar buɗewa. Manya za su zo daga birni su yanka ƙyalle, a buɗe a gabansu a ɗauki hoto."

"Yaushe?"

"An ce bayan salla. Ba a dai ce wace sallar ba."

"Baba, ɗana yana can yana mutuwa yana dawowa, maganin yana cikin akwatin nan, kana ce mini hoto?"

"Malam, ni ajiya aka ba ni. In na buɗe aka zo aka tarar babu ƙusa, kai za ka tsaya mini? Kwana kuma in ya ƙare, ƙararrawa ba ta ƙara shi. Ci gyaɗa."

Falalu ya yi magana a kan shekara goma sha bakwai da samun mulkin kai, da ƙasar da ke sayar wa duniya mai amma ba ta iya cire ƙusa huɗu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Malam Mamuda ya saurare shi da kyau, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Da wannan zafin Falalu ya wanke hannu ya shiga ɗakin jarirai. Lokacin ziyara ne, sauran iyaye mata sun fita gindin bishiya wajen danginsu. Sista tana ɗakin haihuwa tun azahar da wata mai tagwaye. Baraka kaɗai ce a ciki, bayanta ga kwalba, idonta a madubi. Ko ɗagowa ba ta yi ba da ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

"Baraka, me kike kallo?"

Ta ƙara karkata madubin. Daga bakin ƙofa tsofaffin biyu sun daina hira.

"Tambayarki nake. Kwana shida ina zuwa ina tarar da ke kina kallon fuskarki. Me ya same ta? Ƙurji ne? Can sito wani yana gadin ƙusa, nan ke kina gadin hoda. Duk ƙasar nan ba mai kallon abin da ya kamata ya kalla!"

"Malam, yi a hankali."

"Bar ta mana, Falalu," in ji Inna Batulu daga waje tana dariya. "Mai jego ai sai da kwalliya. Gobe suna."

Ya sa hannu ya ɗauke gwangwanin daga cinyarta. Baraka ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane.

"Don Allah, Malam, ka ba ni."

"Ki ba ni dalili ɗaya."

Ta buɗe baki. Ta ga surukarta a ƙofa, ta ga Gwaggo da ta yi shekara goma sha bakwai tana koya mata yadda 'yar gidan mutunci take. Dalilin kalma uku ne, amma faɗinsu daidai yake da ta tashi ta ce kwana shida tana satar kallon ɗan farinta. Ta rufe bakin.

"Na sani," in ji Falalu. Ya rufe murfin, ya jefa gwangwanin a aljihun gaba. "Ranar da kika juya kika dubi ɗanki kya karɓa." Ya leƙa kwalbar, ya ga ƙirjin yana motsi, ya fita baranda.

Can waje Inna Batulu ta tayar da maganar gobe. Rago yana Roni, liman ya sani, to yaya za a yi da aski? Ai sai a ba su aron yaron na rabin yini, wanzami ya yi aikinsa a dawo da shi. Falalu ya tsaya ya fara yi mata bayanin ƙwayoyin cuta da askar wanzami, muryarsa ta aji, yana ƙirgawa da yatsu. Ya ba ƙofar ɗakin baya.

Baraka ta zauna hannunta wayam a cinya. Ta kasa kunne. Ba a jin numfashin bakwaini ta cikin gilas, sai ƙugin injin kwalbar da ɗigar ruwa daga indararo. Ta dubi ƙasa ko siminti zai nuna mata wani abu, ba ya nunawa. Ta dubi farcenta. Sai ta fara ƙirga goma sha biyar tana bugun kwalbar da gwiwar hannu, ta sake ƙirgawa ta sake bugu, ko ya tsaya ko bai tsaya ba, ba ta sani ba.

"Baraka," in ji Gwaggo, "fito ki gaida surukarki. Ruwa ma ya tafasa, yau da wuri za ki yi wanka, su surukarki su ga yadda muke kula da ke kafin su juya."

"To, Gwaggo. Ina zuwa."

Ƙarfe huɗu da kwata. Sista ba za ta shigo ba sai biyar.

"Baraka."

"Na'am, Gwaggo. Yanzu."

"Ke! Baiwar Allah ta taso tun daga Gwiwa a bayan babur, ƙugunta na ciwo, kina zaune kamar matar hakimi? Ko sai na shigo na ɗauko ki?"

Baraka ta bugi kwalbar sau ɗaya da ƙarfi, ta tashi. Taku shida ne zuwa ƙofa. Ta fita ta durƙusa a gefen tabarma, kai a ƙasa, ta fara ƙirgawa a zuci.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau, 'yata. Barka da arziki. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya ruwan zafi? Abu ba ta dai dafa ki da yawa ko?"

"Ni kuwa in ban dafa ta ba wa zai dafa ta?" in ji Gwaggo. "Ku mutanen Gwiwa ai da ruwan ɗumi kuke wanka, shi ya sa matanku ke tsufa da wuri."

"Ji ta! Ke da kika fi ni furfura."

Suka yi dariya. Baraka ta kai talatin. Inna ta tambayi mutanen Roni ɗaya bayan ɗaya, da suna, har da wadda ta yi gocewar ƙashi bara. Baraka ta amsa kowanne. Ta kai sittin, ta kai tamanin, lissafin ya ɓace mata ta sake daga farko. Gwaggo ta miƙo mata ƙwaryar kunun kanwa ta ce ta shanye a nan a gaban surukarta, don kada a je a ce ana barinta da yunwa. Kunun da zafi. Ta kurɓa. A gefe Falalu yana cewa, "Na uku kuma, Inna, ita askar nan ba a dafa ta..."

"Abin da nake so in gaya miki, 'yata," in ji Inna Batulu, ta gyara zama, "shi ɗan fari ba naki ba ne. Namu ne. Kuma na ji daɗi da na ga yadda kika zauna a ciki. Na ce wa Abu, wannan yarinya an yi mata tarbiyya. Yaran yanzu da suka shiga boko, sai ki ga yarinya ta rungume ɗa tana..."

Baraka ta ajiye ƙwaryar ta miƙe tsaye.

"Ke! Magana ake miki," in ji Gwaggo.

Baraka ta juya ta shiga ɗakin. Ta wuce kwalba ta farko, ta biyu, ta uku. Ta tsaya a kan ta huɗu ta dube shi da idonta, ba ta madubi ba, karo na farko da rana tsaka a gaban mutane. Ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Launinsa ya koma na toka, leɓunansa sun yi shuɗi, hannuwansa a sake a gefe. Ƙirjin a kwance yake kamar an zana shi.

Ta buɗe ƙaramar ƙofar ta sa hannu ta ɗalli tafin ƙafarsa. Ƙafar ta yi lilo ta tsaya. Ta sake ɗalla. Ta murza bayansa da yatsa biyu. Ta girgiza kwalbar har bututun ya kaɗa.

"Falalu!" Muryarta ta cika barandar. Tun da aka ɗaura musu aure sunan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Falalu, kira Sista! Ɗana ba ya numfashi!"

Gwaggo Abu ta dafe baki. Inna Batulu ta ce, "Inna lillahi," ba a san wanne daga cikin abubuwan take wa ba. Falalu ya yi tsaye da yatsu uku a sama, sannan ya kwasa da gudu, takalminsa ɗaya ya fita a hanya.

Sista ta iso tana cire safar hannu mai jini. Ta ture Baraka da kafaɗa, ta ɗage murfin kwalbar gaba ɗaya, ta ɗauki wata 'yar jakar roba ta kifa bakinta a kan hancin yaron da bakinsa, ta fara matsawa. Ƙirjin ya tashi da iskar jakar, ya koma. Ta matsa, ya tashi, ya koma. Ta sa yatsa biyu a ƙirjin tana dannawa. Daga ɗaya ƙarshen barandar mai tagwaye tana kiran sunan Allah. Sauran matan sun dawo sun cika taga. Sista ta ɗaga jakar ta duba. Shiru. Ta mayar ta ci gaba.

Can yaron ya ja wani abu kamar shaƙuwa. Ya tsaya. Ya sake ja. Sai wani siririn kuka irin na ɗan kyanwa ya fito, launin tokar ya fara ja da baya daga ƙirji zuwa wuya. Yatsun ƙafarsa kuwa sun daɗe ba su sauya ba.

Sista ta rufe murfin. Ta juyo.

"Tun yaushe ya tsaya?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Tambaya nake. Minti ɗaya? Uku? Biyar? Malam, kai ne mai agogo."

Falalu ya dubi agogon hannunsa kamar zai gaya masa. "Ban sani ba," ya ce.

"Kwana biyar bai taɓa yi da rana ba, sai yau..." in ji Sista.

"Yana yi," in ji Baraka. Idonta na kan kwalbar, ba ta sunkuyar da kai ba. "Shekaranjiya sau bakwai. Jiya sau tara. Yau kafin la'asar sau huɗu. In na kai goma sha biyar sai in bugi kwalbar."

"Ta ina kike gani, kina ba shi baya?"

"Ta madubi."

Hannun Falalu ya tafi aljihun gabansa ya tsaya a can.

"Sau tara," in ji Sista. "Ni kuma ina can na saki jiki ina cewa ya warke. Me ya hana ki gaya mini?"

"Da wane baki, Sista?"

Sista ta dubi tsofaffin da ke ƙofa, ta dubi Falalu. Falalu ne ya yi magana, muryarsa ba ta aji ba ce yanzu.

"Amma ya dawo ko? Ya tsira?"

"Ya dawo. Abin da ya baro a can, ba zan iya gaya maka yau ba. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska, kuma ba mu san tsawon lokacin ba. Sai ya kai zama mu ga ko zai zauna. Sai ya kai a kira shi mu ga ko zai waiwayo. Wataƙila ba komai. Wataƙila da komai." Ta ɗauki sabuwar safar hannu. "Gobe ku yanka ragonku a Roni, yaro ba inda za shi. Kai kuma, Malam, je ka sake wanke hannu. Na soke dokar ƙarfe huɗu a kanka. In ta fita kai ka zauna, in ka fita ita ta zauna. Makarantarka ta nemi wani."

Baraka ta jawo kujerar da ƙafa, ta juya ta, ta zauna gwiwoyinta na taɓa ƙafar kwalbar. Bayanta ne yanzu ke kallon ƙofa.

Gwaggo Abu ta daɗe tana kallon bayan nan. Inna Batulu ta shiga naɗe bakin mayafinta tana warwarewa. Da Gwaggo ta yi magana, a hankali ta yi.

"Baraka, ruwan zai huce."

"Ya huce, Gwaggo."

Falalu ya dawo hannunsa na ɗigar ruwa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Babu kujera ta biyu, sai ya tsuguna a ɗaya gefen. Baraka ba ta dube shi ba. Ƙirjin yana hawa yana sauka, da sauri, da sauri, sannan a hankali. Sista ta kai bakin ƙofa ke nan ƙirjin ya sake tsayawa.

"Ɗaya," in ji Baraka a fili. "Biyu. Uku."

Falalu ya kai hannu ga ƙaramar ƙofar.

"Bari," in ji Sista daga inda take. "Ba shi dama ya tuna da kansa."

"Bakwai. Takwas. Tara."

Leɓunan Gwaggo suna motsi.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu."

Ƙirjin ya ɗaga, ya yi rawa, ya ci gaba.

Falalu ya janye hannunsa daga ƙofar. "Har yaushe zai riƙa yin haka?"

"In Allah ya sa yana da kwana, sati shida," in ji Sista. "Wataƙila takwas. Kada ku ɗauke ido."

Ta fita ta nufi ɗakin haihuwa, inda ɗan tagwaye na biyu bai fito ba tukuna.